Yaya ake haɗa ƙasar diyorama ta yi kama da ƙasa ta gaskiya?

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu wannan sana'a. Ina neman shawararku a kan wani aiki da ya cije mini, kuma zan yi bayani dalla-dalla domin duk wanda zai amsa ya ga inda na kauce.

Na gama harhaɗa ƙaramin samfurin tankar yaƙi ta T-34 a ma'aunin 1:35, wato an rage girmanta sau 35, na yi mata fenti, kuma na gamsu da yadda ta fito. Niyyata ita ce in ɗora ta a kan ɗan fage, wato diyorama, mai nuna wata hanyar karkara a Yukiren a kakar shekarar 1943, lokacin da sojojin Tarayyar Sobiyet suka tsallaka kogin Dinifa suna dosar birnin Kiyef, ruwan sama kuma ya mai da hanyoyi taɓo. Na yanko siririn katako wanda kaurinsa bai wuce milimita 4 ba, tsawonsa santimita 30, faɗinsa santimita 20. Na dama filasta, wato farin garin nan da ake damawa da ruwa ya ƙame, na shafe shi da ita, tun ba ta bushe ba na barbaɗa yashin gini a kai, bayan ta bushe na shafe duka da fenti ruwan ƙasa, sannan na manna ciyawar roba koriya a gefen hanyar.

Kwana biyu da yin haka sai na tarar katakon ya kantare, gefunansa sun ɗaga sama, filastar ta tsage a wuri uku, kuma farinta yana leƙowa ta cikin tsagun. Abin da ya fi damuna shi ne, ko a wuraren da ba su tsage ba, ƙasar ba ta yi kama da ƙasa ba. Yashin ya fito kamar an jibge duwatsu, launin iri ɗaya ne daga wannan gefe zuwa wancan, ciyawar kuwa ta kwanta kamar darduma. Da na ɗora tankar sai na ga haske yana ratsawa ta ƙarƙashin sarƙar da take tafiya a kai, ta zama kamar abin wasan yara da aka ajiye a kan tebur, alhali na shafe makonni ina yi mata aiki.

Shin da me ya kamata in gina tushen domin kada ya sake kantarewa? Wane irin abu ne ke ba da kamannin ƙasa a wannan ma'auni? Kuma ta yaya ake sa tanka ta nuna nauyinta a kan laka? Na shirya kankare wannan na farko in faro daga tushe, amma ba na so in maimaita kuskuren. Allah ya saka da alheri.

Dattijon Sana'a ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kyauta da ka faɗi duk abin da ka yi ba tare da ka ɓoye komai ba, domin hakan ya sa ana iya gane sababin kowace matsala. Zan fara da katakon, tun da shi ne mafi sauƙin magani.

Filasta ba ta cika tsukewa idan ta bushe ba, saboda haka ba ita ce ta tsage don kanta ba. Siririn katakon ne ya sha ruwan da ke cikinta ta fuska ɗaya, ɗaya fuskar kuma tana bushe, sai ya lanƙwashe, filastar da ta riga ta ƙame kuwa ba ta iya bin sa, shi ya sa ta dare. Ka nemi katako mai kauri, aƙalla milimita 12, ka shafe shi da man ƙyalli na katako sau biyu, sama da ƙasa da dukkan gefuna, ka bar shi ya bushe sosai kafin wani abu mai ruwa ya taɓa shi. Mutane da yawa sukan shafe saman kaɗai su bar ƙasan, wannan kuwa rabin aiki ne, domin damshin iska ma yana shiga ta fuskar da aka bari.

A kan katakon sai ka manna kumfar roba mai tauri, irin wadda magina ke sa wa bango don tare zafi da sanyi, ana rubuta XPS a jikinta. Ta fi farar kumfar da ake cusa wa cikin kwalin kayan lantarki, domin waccan ƙwallaye ce da ke warwatsewa idan an yanka ta, wannan kuwa tana yankuwa sumul da wuƙa mai kaifi kuma tana karɓar samfefa. Da ita za ka sassaƙa tudu da kwari, ta yadda filastar da za ta hau kai ba za ta wuce kaurin milimita 3 zuwa 5 ba, ta bushe da wuri, aikin kuma bai yi nauyi ba. Ka manna ta da farin gam na kafintoci, wanda ake rubuta PVA a robarsa. Kada ka kusance ta da gam ɗin harhaɗa samfuri, ko gam mai kamawa nan take, ko fentin gwangwani na feshi, domin sinadaran da ke cikinsu suna cinye ta su bar rami. Kuma ina ba ka shawara kada ka bar filin a shimfiɗe daidai wa daida. Babu hanyar karkara da take haka. Ka sa hanyar ta ɗan nutse ƙasa da gefenta, ka yi ɗan lambatu a ɓangare ɗaya, sannan ka ratsa da ita a karkace maimakon ta bi layin katakon, domin ido yana saurin gane abin da aka jera da ma'auni.

Yanzu ga maganar da na fi so ka riƙe, wato lissafin ma'auni, wanda kowa ke yi wa tanka da sojoji amma ya manta da shi idan an zo kan ƙasa. A 1:35, milimita 1 a kan teburinka yana wakiltar santimita 3.5 a zahiri. Ƙwayar yashin gini takan kai milimita 2, wanda ke nufin ka shimfiɗa wa hanyarka duwatsu masu faɗin santimita 7, kowane ɗaya ya kusa cika tafin hannu. Idonka bai yi maka ƙarya ba da ya ce duwatsu ne. Mutum mai tsayin mita 1.75 santimita 5 ne kawai a wannan ma'auni, saboda haka duk abin da za ka zuba a ƙasa, ka fara ajiye ɗan sojanka kusa da shi, ka tambayi kanka ko a zahiri ka taɓa ganin ƙwayar ƙasa mai girman haka kusa da takalmin mutum. Ƙasar hanya a 1:35 gari ce mai laushi ƙwarai, wadda aka tankaɗe da rariya mafi ƙanƙantar ido da za ka iya samu. Yashin da ka yi amfani da shi yana da amfani, amma a matsayin tsakuwa da ƙananan duwatsu, ƙwaya kaɗan nan da can, musamman a cikin lambatu inda ruwa ke tara su.

Game da damun, ka zuba filasta a cikin ruwa, kada ka zuba ruwa a kan filasta, domin kada ta yi gudaji. Ka sa fenti mai narkewa a ruwa, launin ƙasa mai duhu, a cikin ruwan tun kafin ka zuba garin, ta yadda ko wani wuri ya ɓantare nan gaba ba za a ga fari ba. Ka ƙara ɗan farin gam, domin yana ƙara mata ƙarfi kuma yana jinkirta ƙamewarta, sannan ka zuba tankaɗaɗɗiyar ƙasa da 'yan guntayen saiwa da busasshiyar ciyawa da aka daddatsa, saboda lakar gona ba ta rasa tarkacen tsiro a cikinta. Filasta zalla takan fara ƙamewa cikin mintuna 20 zuwa 30, don haka ka dama kaɗan-kaɗan, ka yi aikin yanki-yanki.

Sai batun nauyi. Tankarka tana da nauyin kusan tan 30 a zahiri, kuma abu mai wannan nauyi ba ya zama a saman laka, cikinta yake shiga. Idan damun ya fara kauri amma bai ƙame ba, ka shimfiɗa siririyar leda a kai, ka ɗora tankar, ka danna ta a hankali har sarƙar ta nutse kamar milimita 3, wato kusan santimita 10 a zahiri. Ledar tana kare fentinka. Ka ɗaga tankar, ka bar gurbin ya ƙame, kuma idan aiki ya ƙare ka mayar da ita cikin gurbin nan, ka cike ɗan giɓin da ya rage da ragowar damun a bakin tsinke. Kada ka manta da sawun da ta bari a baya. Faɗin sarƙar T-34 kusan santimita 50 ne, wato milimita 14 da ɗoriya a ma'auninka, kuma idan akwai ragowar guntun sarƙa a cikin kwalin, da shi za ka buga sawun daga bayan tankar har ya fita gefen katakon. Lakar da sarƙa ta ture takan taru ta yi ɗan kunya a gefen sawun. Idan kuma kana son nuna taɓo mai zurfi, ka tuna cewa tsakanin cikin tankar da ƙasa santimita 40 ne kawai, saboda haka a inda sarƙa ta nutse sosai, cikin yakan shafe tsakiyar hanyar ya bar ta sumul tsakanin sawu biyu. Wanda ya san tanka yana ganin wannan zai gane ka duba hotuna.

Mai Layin Dogo ya rubuta:

Malam Dattijo ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ban da abin da zan ƙara a kan tushe da lissafi. Ni aikina ƙananan jiragen ƙasa ne a ma'aunin 1:87, inda milimita 1 ke tsayawa a matsayin santimita 8.7, don haka matsalar girman ƙwaya ta fi tsanani a wurinmu. Ina so in kawo wata hanya ta shimfiɗa saman ƙasa, wadda nake ganin ta fi damun filasta fitar da kamannin wuraren da ba su jiƙe sharkaf ba, kamar kafaɗar hanya da gindin ciyawa.

Ra'ayina shi ne babu abin da ya kai ƙasa kama da ƙasa. Ina ɗebo ƙasa ta gaske, in baza ta a faranti na ƙarfe, in gasa ta a wuta mara ƙarfi, wajen digiri 100, na rabin awa, domin ta bushe ƙarau kuma ƙwayoyin funfuna da ƙwan ƙwari da ke cikinta su mutu. Wanda ya tsallake wannan mataki yana iya wayar gari ya ga farin gashi ya tsiro a kan aikinsa bayan ya jiƙa shi da gam. Daga nan sai in tankaɗe ta sau biyu ko uku da rariya daban-daban, in ware gari da matsakaiciya da tsakuwa, kowace a kwalbarta. Mu masu jirgin ƙasa mukan kuma ratsa ta da maganaɗisu don cire ɓurɓushin ƙarfe, saboda injinan jiragenmu suna jawo shi, amma kai da tankarka ba ta motsi ba ka buƙatar wannan.

Yadda ake manna ta shi ne inda mutane ke faɗuwa. Ka shafa farin gam a kan filastar, ka barbaɗa matsakaiciyar ƙasa, sannan garin a samanta, ka gyara da busasshen burushi har sai ta kwanta yadda kake so. Kada ka ɗiga tsinkakken gam kai tsaye a kan busasshen gari, domin ɗigon zai dunƙule ya mirgina, ya kwashi garin ya bar maka ramuka. Da farko ka jiƙa wurin da sifirit, ko da ruwan da aka sa wa ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke, ta hanyar fesa shi sama ya sauko kamar raɓa. Bayan ya jiƙe sai ka ɗiga gam da aka tsinka, kashi ɗaya na gam da kashi uku na ruwa, da sirinji, kusa da ƙasar sosai, za ka ga tana shanye shi nan take ba tare da ƙwaya ɗaya ta gusa ba. Wurin zai yi fari kamar an zubar da madara, kada hankalinka ya tashi, idan ya bushe farin zai ɓace. Ka ba shi yini guda cur, kada ka taɓa.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani shi ne gam yana duhunta ƙasa, kuma ba ta komawa haskenta na da ko bayan ta bushe. Ka gwada a kan guntun kumfa kafin ka zuba a aikinka. Ni dai idan na dace da launin da nake so, ba na ƙara mata fenti ko kaɗan, domin a ganina fenti yana kashe bambancin launin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, wanda hannu ba ya iya kwaikwayonsa.

Malama Mai Fenti ta rubuta:

Ina gaishe da malamai duka. Na yarda da Malam Mai Layin Dogo a kan gashi da tankaɗe da jiƙawa da sifirit, haka nake yi ni ma, amma tare da girmamawa, na saɓa masa a kan barin ƙasa ba fenti, musamman a aikin wannan ƙanin namu.

Dalilina shi ne, shimfiɗar jirgin ƙasa ana kallonta ne daga nesa, tana da faɗi, kuma ido yana bin jirgin da ke tafiya. Diyorama mai santimita 30 kuwa ana kusantar ta har numfashi ya taɓa ta, kuma a tsakiyarta akwai tanka wadda kowane lungunta fenti ne, an yi mata haske da inuwa da hannu. Idan aka ajiye abin da aka yi wa fenti a kan abin da ba a yi wa ba, ido yana raba su nan da nan, ko da mai kallo bai san dalili ba. Ƙasar gaske tana ba da kaushi mai kyau, amma launi dole ya fito daga kwalaben da suka yi wa tankar ƙura da laka. Wannan ne zai haɗa su su zama abu guda, kuma ina ganin shi ne rabin amsar tambayarka ta uku.

Ƙanena, wurin da ka zaɓa yana da irin ƙasarsa. Yawancin tsakiyar Yukiren baƙar ƙasa ce mai yawan ruɓaɓɓen tsiro, wadda ake kira carnozem, kuma lokacin taɓon nan na kaka da na bayan narkewar ƙanƙara har suna gare shi a harshen Rasha, rasfutitsa. Wannan ƙasa idan ta jiƙe takan yi duhu sosai, idan ta bushe kuma ta koma toka-toka mai ratsin ruwan ƙasa. Saboda haka jan ruwan ƙasa ba zai dace ba. Sai dai kada ka ɗauki baƙin fenti zalla, domin a ƙaramin ma'auni yana haɗiye duk wani kaushi da ka sha wahalar yi. Ka fara da ruwan ƙasa mai duhu ƙwarai a ko'ina. Bayan ya bushe ka bi wuraren da suka ɗaga, kamar kunyar gefen sawu da kafaɗar hanya, da launi mai haske da ɗan toka a ciki, domin su ne iska ke fara busarwa. Sannan ka tsinka fenti mai duhu ya zama kamar ruwa, ka bar shi ya gangara cikin sawu da lambatu. A ƙarshe ka ɗauki burushi mai faɗi, ka taɓa launi mafi haske, ka goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, ka shafa sama-sama a kan duwatsu da gudajin laka. Launi uku ko huɗu sun isa, muddin ba a shimfiɗa su daidai a ko'ina ba.

Jiƙa kuwa ƙyalli ne ke nuna ta fiye da launi. Ka rufe dukkan filin da man kariya mara ƙyalli, wanda zai kashe sheƙin da farin gam ke bari, sannan ka dawo da mai ɗan ƙyalli a cikin sawu, mai ƙyalli sosai kuma a wurare mafi zurfi kaɗai. Idan ka sa wa ko'ina ƙyalli, aikin zai yi kama da roba da ta narke. Wannan lakar da ka dama, da waɗannan launukan, su za ka shafa wa sarƙa da ƙafafun tankar da ƙasan jikinta da takalman sojoji, mai duhu da ƙyalli a ƙasa, mai haske da bushewa yayin da ake hawa sama.

Ciyawarka ta kwanta ne saboda barbaɗa ta ka yi. Waɗannan zaruruwa an yi su ne domin a tsayar da su da wata 'yar na'ura mai cajin lantarki, irin ƙarfin da ke sa matajin roba ya ɗauki guntun takarda bayan an goga shi a gashi. Ana sayar da su a tsayi daban-daban, kamar milimita 2 da 4 da 6 da 12, wanda a ma'auninka ya kama daga santimita 7 zuwa 42. Ko ba ka da na'urar, kana iya ɗiga gam ɗigo-ɗigo, ka tsinci zaren da hantsaki ka dasa shi a tsaye, ka hura masa iska a hankali daga gefe. Doguwar ciyawa kuma ana samun ta daga igiyar zaren tsiro da aka warware, ko gashin tsohon burushi, a huda rami a dasa tsumagiya-tsumagiya, a aske kan da almakashi ba daidai ba. Ka gauraya tsayi biyu ko uku, ka bar wurare da ƙasa a fili, kuma ka tuna cewa a watan Oktoba da Nuwamba ciyawar can ta riga ta koma ruwan ƙaiƙayi, kore kaɗan ne ya rage a gindinta. Ita ma ciyawar ina yi mata fenti, wadda ke bakin hanya kuma ina kwantar da ita in fantsama mata laka, domin ababen hawa sun bi ta kanta.

Sabon Hannu ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba Dattijo, da Malam, da Malama. Na kankare aikin farko, na samo katako mai kauri na shafe shi ta kowace fuska, kuma na sassaƙa kumfar yadda hanyar ta ratsa a karkace. Na gwada tankaɗaɗɗiyar ƙasa a kan guntun kumfa biyu, ɗaya na bar shi haka, ɗaya na yi masa fenti, na ajiye tankar kusa da kowannensu. Wanda ba fenti ya fi kyau idan an dube shi shi kaɗai, kamar yadda Malam ya faɗa, amma da tankar ta zo kusa sai wanda aka yi wa fenti ya fi dacewa da ita, don haka zan bi hanyar Malam wajen shimfiɗawa, in bi ta Malama wajen launi.

Saura tambaya ɗaya. Ina so ruwa ya kwanta a cikin sawun da ke bayan tankar, a wuri ɗaya ko biyu. Na ga ana amfani da ruwan roba mai daskarewa, wanda ake haɗa kwalba biyu. Shin shi ya kamata in saya, kuma a wane mataki ake zuba shi?

Dattijon Sana'a ya rubuta:

Madalla da ka yi gwajin da kanka, ɗana. Ruwa shi ne na ƙarshe, bayan fenti da ciyawa da man kariya mara ƙyalli, domin idan ka fesa man bayan ka zuba ruwan zai dusashe shi.

Wannan ruwan roba da ka ambata, ifoksi, yana aiki, amma yana da halaye uku da ya kamata ka sani. Yana bin kowace ƙaramar kafa ya tsiyaye, saboda haka sai ka toshe gindin ramin da man ƙyalli sau biyu, in kuwa sawun ya kai bakin katako sai ka datse shi da tef. Yana ɗaukar zafi yayin da yake daskarewa, kuma idan aka zuba shi da kauri zafin yana iya lalata kumfar da ke ƙasa, don haka kada zubi ɗaya ya wuce milimita 2 zuwa 3. Sannan yana hawa gefen ramin da jikin duk ciyawar da ta taɓa shi, ya bar baki mai lanƙwasa wanda a 1:35 yake fitowa fili. Ana ɓoye wannan bakin da ɗan damun laka bayan ya daskare. Ka auna kwalaben biyu daidai yadda aka rubuta a jikinsu, domin idan ma'aunin ya kauce zai zauna da danƙo har abada. Ka sa safar hannu, ka buɗe taga, ka tabbata katakon yana zaune daidai ba karkata, sannan ka kife kwali a kai don kada ƙura ta sauka.

Ruwan da ya kwanta a sawun tanka ba garau yake ba, gurɓatacce ne, ba a ganin gindinsa, don haka ka ɗiga masa ɗan launin lakarka kafin ka zuba. Wannan ma ya sa, ga ɗan ruwa mai faɗin yatsa biyu, ni ba na wahalar da kaina da ifoksi. Nakan yanko guntun roba mai santsi, in binne shi a shimfiɗe cikin sawun tun lokacin damu, in rufe gefunansa da laka, in yi masa fenti da launin da ya ɗan fi lakar haske, sannan in shafa man ƙyalli sau uku ko huɗu, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Idan ba ka zuba damun ba tukuna, yanzu ne lokacin binne robar, kuma ka sa ta a wuri mafi zurfi na sawun, inda ruwa zai gangara ya tsaya da kansa.